An jinkirta wa 'yata amsa a jami'ar da take so, wata kuma ta ce ta fara daga Landan

Bazazzagi_Ohio, 20 ga Disamba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta hirarrakinku ban taɓa sa baki ba, yau dai tawa ta kawo ni.

Ina zaune a Columbus ta jihar Ohio tun 2004, ina aikin dare a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Ni ɗan JAMB ne, a Samaru na yi karatu, kuma a zamaninmu neman jami'a bai wuce a kafe sunaye a allo ba: ko ka ga naka, ko ka koma gida ka jira baɗi. A nan ƙasar abin ya sha bamban, ga shi 'yar wajena ta fari ce ta fara kai mu wannan mataki, ba mu da wani na gaba da za mu duba. Ummi muke ce mata, sunan mahaifiyata gare ta. Tana ajin ƙarshe na sakandare, a nan aka haife ta, kuma tun tana ƙarama likita take cewa za ta zama.

Ranar 1 ga Nuwamba ta aika takardunta wata jami'a mai zaman kanta a gabashin ƙasar, ba zan kama suna ba, ta hanyar nan da suke kira ED, wadda idan an ɗauke ka dole ka je. Mu uku muka sa hannu: ita, ni, da malamar da ke ba su shawara a makaranta. Ranar 15 ga Disamba da magariba amsa ta fito. Ta buɗe kwamfuta a kan teburin cin abinci, ƙannenta uku sun zagaye ta, ɗaya har ya ɗaga waya zai ɗauki bidiyo. Layi biyu ta karanta, ta rufe kwamfutar ta hau sama. Mamanta ta ɗauka an ƙi ta ne. Da na karanta da kaina sai na ga ba su ce e ba, ba su ce a'a ba. Cewa suka yi sun mayar da takardunta cikin na sauran jama'a, za su sake dubawa, amsa sai ƙarshen Maris. Yaran suna ce wa wannan difa. Kwana biyu yarinyar nan ba ta ci abincin kirki ba.

Jiya kuma wata jami'ar daban, wadda ta nema da wuri amma ba ta hanyar ɗauri ba, ta aiko da taya murna. Sai dai akwai sharaɗi: shekarar farko a Landan za ta yi, a shekara ta biyu ta dawo babbar harabarsu a nan Amurka. Na tambaye ta daga ina Landan ta fito, ta ce akwai wani ɗan akwati a fom ɗin da ke tambaya ko za ta yarda ta fara daga waje, ta cike shi don tana ganin zai ƙara mata dama. Ban san da shi ba. Sun rubuta mata tallafin dala 28,000 a shekara, amma jimillar kuɗin da suka lissafa ta haura 85,000, cikakkiyar takardar tallafin kuma ba ta iso ba.

Alhamdu lillahi, jami'ar jiharmu da ke nan cikin gari ta riga ta ɗauke ta. Kuɗin karatu ga ɗan jiha dala dubu 13 da 'yan kai ne, daga ƙofarmu minti ashirin a mota. Ita dai ko a fuska ba ta nuna murnar wannan ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci. Sa hannun da na yi a Nuwamba, har yanzu yana ɗaure da mu? Tayin Landan ɗin nan ɗauka ce ta gaskiya ko hanyar sallamar mutum ce cikin mutunci? Sannan wata ƙawarta ta ce mata akwai ED zagaye na biyu da ake rufewa farkon Janairu, tun daga nan ta kafe sai ta sa wata jami'a ta uku da ko ƙofarta ba ta taɓa gani ba. Makarantarsu ta tafi hutu, malamar shawarar ba ta amsa imel. Mamanta kuwa magana ɗaya take maimaitawa, 'yarta ba za ta tsallake teku tana shekara 18 ba. Rashin sani ya fi dare duhu, don Allah wanda ya bi wannan hanya ya haska mana.

Maman_Sadiq, 20 ga Disamba

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa Ummi albarka, ya zaɓa mata mafi alheri. Yarana uku sun wuce ta nan, kuma aikina ke nan a wata kwaleji a Maryland, don haka zan yi maka magana ba rufa-rufa.

Sa hannunka ya warware. Alƙawarin ED yana aiki ne kawai idan sun ɗauki yaro a wannan zagayen. Tunda sun tura ta cikin gama-gari, ta zama kamar kowa. Ko sun ɗauke ta a Maris tana iya cewa ta gode ba ta zuwa, kuma tana da har 1 ga Mayu ta yanke shawara, ranar da galibin jami'o'in ƙasar nan suka tsayar don biyan kafin alƙalami. Ka duba wasiƙar Landan ɗin da kyau ko sun sa wata rana daban. In ba su sa ba, babu abin da ke korarku.

Ka gaya wa mamanta ba a ƙi 'yarta ba. Amma ku tsara komai kamar amsar Maris a'a ce, in ta zo da e sai a yi hamdala. Nauyin difa ya danganta da jami'ar. Harvard da MIT sun saba jinkirta wa mafi yawan masu neman wuri, Georgetown ma ta daɗe tana jinkirta wa duk wanda ba ta ɗauka ba a zagayen farko, to a irin waɗannan wurare difa ba ta faɗin komai a kan yaro. Stanford kuwa kaɗan take jinkirta wa, yawanci a nan take take yankewa, don haka wanda ta ce ya jira da gaske ana kallonsa. Ku nemi sanin a wane ɓangare taku jami'ar take.

Abin da Ummi za ta yi kaɗan ne. Ta koma ta karanta wasiƙar har ƙarshe, don na tabbata layi biyun nan kawai ta gani. A ƙasa sukan faɗi abin da suke so a aiko da wanda ba sa so. Wasu suna da fom nasu na musamman, kamar MIT da ke da wanda ake cikewa a Fabrairu. In sun yarda da wasiƙa, ta rubuta shafi ɗaya tak: har yanzu tana son su, ga dalili takamaimai, ga sabon abin da ya faru tun Nuwamba. Kada ta sake jero abin da ke cikin fom. Sannan sakamakon rabin shekara da makarantarsu za ta aika a Janairu ko Fabrairu, shi ne ya fi kowace wasiƙa ƙarfi, musamman darussan kimiyya tunda likitanci take so. Kai kuma Malam, don Allah kada ka kira su, kada ka rubuta musu. Mu iyaye muna ganin bin sawu nuna kulawa ne, a wajensu kuwa alama ce ta yaron bai iya tsayawa da ƙafarsa ba.

Zagaye na biyun nan ne ya fi damuna. Shi ma ɗauri ne. Amsarsa tsakiyar Fabrairu take fitowa, kuma in suka ɗauke ta dole ta janye takardunta daga ko'ina, har da jami'ar da ta yi kwana biyu tana kuka a kanta, tun kafin ta ji abin da za su ce a Maris. Ka tambaye ta a hankali: idan haka ta faru za ta yi murna ko za ta ciji yatsa? Na ga yara da yawa sun shiga zagaye na biyu da zafin zuciya don su huce haushin na farko. Ga kuma batun kuɗi. Wanda ya ɗaure kansa ba ya iya jera takardun tallafi uku ko huɗu a tebur ya gwada. Gaskiya ne in tallafin bai isa ba ana iya neman a sake ka, amma a lokacin wasu ƙofofin sun rufe. Cinikin biri a sama ke nan.

Tambaya ɗaya zan yi maka, kada ka ji nauyi. Kafin ka sa hannu a Nuwamba, ka shiga shafin lissafi na jami'ar? Tun 2011 doka ta wajabta wa duk jami'ar da ke karɓar kuɗin tallafin tarayya ta ajiye shi a shafinta na intanet. Ka ɗauko takardar harajinka, ka zuba alƙaluma, cikin minti ashirin zai nuna maka kusan abin da zai fita daga aljihunka. Ka yi wa kowace jami'a da ke jerin nan a daren yau. Kuma duk wadda ta ƙara a Janairu, ku tabbata kun tura mata FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin tarayya, da CSS Profile, wato fom ɗin neman tallafin jami'ar kanta, in tana nema.

Ɗan_Doha, 21 ga Disamba

Baba, barka da ƙoƙari. Anti Maman Sadiq ta gama da batun difa, ni zan taɓa na ƙetare, don a reshen wata jami'ar Amurka da ke Katar na yi digirina, daga Kano na tafi.

Mutane suna haɗa abubuwa daban-daban a kwando ɗaya. Akwai reshe cikakke, inda za ka yi shekara huɗunka ka karɓi kwalin uwar jami'ar. Haka Carnegie Mellon da Georgetown da Northwestern suke a Education City ta Doha, haka jami'ar New York, wato NYU, take a Abu Dabi tun 2010 da Shanghai tun 2013. Waɗannan ba wurin tura ragowa ba ne, na Abu Dabi ma shigarsa ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai kuma na haɗin gwiwa, kuma a nan ake bukatar buɗe ido. Duke Kunshan da ke Chaina tana ba da kwalin Duke tare da nata. Amma kwalejin Yale-NUS da aka yi a Singafo, duk da sunan Yale a ƙofa, jami'ar ƙasar Singafo ce ke ba da kwalin, kuma a 2021 aka sanar za a rufe ta, 'yan ajin ƙarshe suka fita a 2025. Mu ma a Doha mun gani da idonmu: a Fabrairun 2024 hukumar Texas A&M ta kaɗa ƙuri'ar rufe reshenta nan da 2028, bayan fiye da shekara ashirin. Reshe yana tsaye ne a kan yarjejeniya, ranar da ɗaya ɓangaren ya janye sai a naɗe tabarma.

Na Ummi ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Nata shi ne a fara a waje a dawo gida, irin wanda Northeastern ta yi suna da shi, NYU ma tana tura wasu 'yan shekarar farko Landan ko Florence ko Madrid. Dalilin a fili yake: gadajen kwanan babbar haraba ba sa isa a watan Satumba, su kuma ba sa son su saki yaran da suka ga sun cancanta. To ɗauka ce ta gaske, Baba, ba sallama ba ce. Kwalin da za ta karɓa bayan shekara huɗu iri ɗaya ne da na wanda ya fara a babbar harabar.

Amma ta rubuta musu, ita da kanta, su amsa a rubuce. Dawowar tabbas ce ko sai ta kai wani maki? Fannin da take so a hannu yake ko sai ta sake nema in ta dawo? Tallafin 28,000 ɗin yana aiki a shekarar Landan, tallafin tarayya ma yana bin ta can? Wannan na ƙarshen kada a yi wasa da shi, don akwai shirye-shiryen da ba sa lissafa yaro a cikakken ɗalibi sai ya dawo. Mafi muhimmanci gare ta: su wa za su koyar da kimiyyar sinadarai da ta halittu, akwai ɗakin gwaji, kuma a takardar wace jami'a makin zai fito? Makarantun likitanci na Amurka galibi suna son a yi waɗannan darussa ƙarƙashin jami'ar Amurka ko Kanada. In makin zai hau takardar uwar jami'ar kai tsaye, da sauƙi. In ta wata kwalejin Ingila za a bi a dawo da shi, ta yi tambaya sosai.

Ku sa kuɗin biza a lissafi. Karatun da ya wuce wata shida a Birtaniya sai da bizar ɗalibi ko da fasfon Amurka ne, ga harajin lafiya na fam 776 a shekara, ban da jirgi da tsadar Landan.

Ga ƙannena da ke karantawa daga gida Najeriya ko Nijar ko Gana, naku lissafin daban ne da na Ummi. Wanda ya yi digirinsa duka a reshen ƙetare ba da bizar ɗalibi ta Amurka ya yi ba, don haka izinin aikin shekara ɗaya da ake ba waɗanda suka gama a can, wanda 'yan kimiyya da injiniyanci ke ƙara wa wata 24, ba ya hawa kansa. Ni ban yi nadama ba, ga masallaci a cikin haraba, ga gida ba nisa. Amma na shiga ne da sanin haka.

Alhaji_Bronx, 21 ga Disamba

Ɗan'uwa, ni ban yi boko mai zurfi ba, tasi na ja shekara ashirin da shida a New York, amma na buga lissafi da yawa. Cire 28 daga 85 ka ga abin da ya rage, ka ninka sau huɗu. Bashin gwamnati da yaro zai iya ci da sunansa a shekarar farko dala 5,500 ne kacal. Sauran a wuyanka zai hau, da ruwa a kai. Ana cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, to mai ruwa ba irin wannan ba ne, ka san hukuncinsa ba sai na gaya maka ba. Ga ƙanne uku a baya, ga makarantar likitancin kanta wata shekara huɗu tana jira da nata kuɗin. Jami'ar garinku babba ce, da asibitin koyarwa a jikinta. Yarinya ta kwana a ɗakinta, ta ci tuwon uwarta, ta fito ba a bin ta ko sisi. Ni ina bayan mamanta.

Hajiya_Bilki, 22 ga Disamba

Alhaji ya faɗi gaskiya a kan kuɗi, ban ja ba. In lissafi bai fita ba, magana ta ƙare. Amma in ya fita, ina so in yi magana da Maman Ummi, mace da mace, don tawa 'yar ta yi zango ɗaya a Landan kuma nima sai da na yi kuka a filin jirgi.

'Yar'uwa, abin da na ji tsoro ba shi na tarar ba. Abincin halal ya fi sauƙin samu a can fiye da garin da muke, masallacin Whitechapel da na Regent's Park suna cike da 'yan mata masu hijabi irin namu, ba ta taɓa jin ita kaɗai ba ce. Abin da ban yi tunani ba shi ya ba ta wahala. A can shekara 18 ake fara sayar wa mutum giya, ba 21 ba kamar nan, to yaran da aka kwaso daga Amurka tare da ita makonnin farko ba su da hira sai ta mashaya. Sai da ta nemo ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta wata jami'a da ke kusa sannan ta samu ƙawaye. Ku tambayi yadda ɗakunan kwana suke, ko akwai ɓangaren mata zalla, da ko an tanadar musu ɗaki in sun dawo, don tawa ta dawo ta tarar kowa ya riga ya yi abokan zama.

Malam, kai kuma ga tawa tambayar. Jami'ar da ka sa wa hannu a Nuwamba, awa nawa ce daga gidanka a mota? Can ma ba a ɗakinta za ta kwana ba, can ma azumi ba a gida zai same ta ba. Ku zauna ku uku ku gano ainihin abin da kuke tsoro, nisan ne ko tekun.

Bazazzagi_Ohio, 24 ga Disamba

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, ya raya muku zuri'a. Na karanta wa mamanta komai, na Hajiya Bilki har sau biyu ta ce in maimaita.

Maman Sadiq, amsar tambayarki ita ce a'a, ban shiga shafin lissafin ba kafin in sa hannu. Na ga yarinya tana so, na ga sunan makaranta, na ɗauki biro. Shekaranjiya da na dawo daga aiki da asuba na zauna na yi. Jami'ar da ta yi mata difa ta nuna kusan dala 31,000 a shekara daga aljihuna. Da sun ɗauke ta ranar 15 ga wata, da yanzu ina neman hanyar da zan gaya wa 'yata ba zan iya ba, bayan ni na sa hannu. Na daɗe a kujerar nan ban tashi ba. Na nuna mata alƙaluman duka, abin da ban taɓa yi ba, har da albashina.

Zagaye na biyu mun bar shi. Ban hana ta ba, tambayar da kika ce na yi mata, ta yi shiru, can ta ce ita ma ba ta san me take so a makarantar ba in ban da suna. Ta ƙara jami'o'i uku ta hanyar gama-gari, biyu a cikinsu lissafinsu ya fi sauƙi, tana kan rubutunsu yanzu don wa'adinsu farkon Janairu ne.

Ta aika wa masu Landan tambayoyin Ɗan Doha, saƙo ya dawo cewa ofis a rufe yake sai bayan sabuwar shekara. Hajiya, awa goma sha ɗaya ce a mota, na kuma yarda ban taɓa auna ta haka ba. Mamanta ta ce awa goma sha ɗaya tana iya cika tanki ta kama hanya cikin dare in aka ce 'yarta ba lafiya, Landan kuwa ko jirgi kai tsaye babu daga garinmu. Ba ni da amsar wannan, kuma ban matsa mata ba. Akwai ɗiyar yayata da ke aure a can, mamanta ta ce ita za ta kira ta da kanta ranar Lahadi. Alhaji, maganarka tana nan, ranar Asabar zan kai Ummi ta zaga jami'ar garin namu da ƙafa, don duk shekarun nan ta gefenta kawai muke wucewa a mota.

Wasiƙar difa ɗin ta rubuta, ta kai shafi ɗaya da rabi. Maman Sadiq, in ba takura zan turo miki ta akwatin sirri ki duba mata kafin ta aika. Sakin layi na biyu ne ta ƙi ragewa, inda ta yi maganar yaran da take koya wa karatu a Islamiyya ranar Asabar.